Jirgin da Na Ƙera wa Baba Ishaya

Ranar wata Asabar ce cikin watan Fabrairu na shekarar 2015, da hantsi. Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu na haya da ke Bolari, ina kankare ƙanzon tukunyar tuwon jiya. Tun da sassafe muke jin harbe-harbe can nesa daga bakin gari. Maza sun ƙi fita kasuwa, an rufe ƙofar zaure an tokare ta da turmi, amma Inna ta ce tukunya ba ta san ana yaƙi ba, in je in wanke. Ina cikin kankara sai wata ƙara ta taso daga gabas, kamar ana yaga sabon yadi a cikin kunnena. Kafin in ɗaga kai abin ya wuce ta saman bishiyar dogon yaronmu, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufin ɗakuna ya ɗauki rawa. Kaji suka watse, akuyar Inna ta tsinke igiya, matan gida kowace ta suri ɗanta ta yi ɗaki, masu salati na yi, masu kiran Yesu na yi. Ni kuwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, na miƙe a tsakar gida da soso a hannu ina ihu: "Jirgin Alfa ne! Baba Ishaya, wallahi Alfa ne!"

Ban ankara ba sai na ji an murɗe mini kunne. Inna ce ta fito da rarrafe, ta ja ni ɗaki ta tura ƙarƙashin gado wajen ƙannena, tana haki tana faɗa: "Dije, son jirgin nan shi zai kashe ki." Ta faɗa ne kamar yadda uwa take faɗa cikin fushi. Ba ta san mako uku kawai ya rage bakinta ya kusa kamawa ba, kuma ba jirgin sojoji ne zai jawo ba, jirgin da na ƙera da hannuna ne.

Gidanmu irin gidan hayan nan ne na Bolari, ɗakuna takwas a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake rigima a kanta kullum. Mu Fulani ne da muka bar shanu tun zamanin kakanmu, babanmu yana sayar da hatsi a kasuwa. Ɗakin da ke kusa da zaure na Baba Ishaya ne da matarsa Mama Rifkatu, Tangalawa ne daga Kaltungo. Baba Ishaya tsohon makanikin jiragen sojan sama ne, ya yi shekarunsa a Kaduna, da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shago a jikin zauren yana gyaran rediyo da fanka. Dogo ne siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar inji, don haka in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta dama. A bangon shagon ya manna tsofaffin hotunan jiragen yaƙi da rana ta ci launinsu. Bayan la'asar masu son jirgi na unguwar sukan taru a bencinsa, mutum uku ko huɗu, cikinsu har da Malam Buba mai faci, wanda bai taɓa shiga jirgi ba amma ya fi kowa gardama a kai. Ni aikina in kai niƙa, in dawo da garin a ka, in laɓe a bakin shago ina sauraro har sai Inna ta leƙo ta ƙwala mini kira.

Labarin da ba ya ƙarewa a bencin nan shi ne na ranar wasan jirage a Kaduna. Baba Ishaya ya ce a zamaninsu akan ware rana guda a buɗe wa jama'ar gari ƙofar sansani, kowa ya shigo, da mai takalmi da marar takalmi. Masu rake da masu gyaɗa su baje kaya a gefen fili, yara su hau kafaɗun iyayensu. Sai jirage su taso huɗu-huɗu a jere, fiffike kusa da fiffike, su yi sama su juya ciki, su sako hayaƙi kore da fari da kore, sannan wani babban jirgi ya zo ya zubo mutane da laima kamar ana watsa wa kaji tsaba. In ya zo kan jirgin yaƙin da ake kira Mig sai ya miƙe tsaye, ya manta da ciwon ƙafa, ya haɗa tafukansa yana nuna yadda yake tsaga sama. Malam Buba ya ce Alfa ya fi shi iya juyi, Baba ya ce, "Buba, kai da tayar keke ka sani." A yi ta dariya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce bayan an gama wasa akan bar yara su matso su taɓa jirgin, har a ɗaga wasu a zaunar da su a kujerar matuƙi. Na tambaye shi ko har da mata. Ya ce har da mata. Daren ranar ban yi barcin kirki ba.

Daga sauraro na koma miƙa masa filaya, daga miƙa filaya na koma riƙe waya yana ɗiga dalma. Shi ya koya mini yadda ake buɗe gwangwanin madara a miƙar da shi da dutse, a lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki mutum, da yadda ake ciro ɗan injin da ke cikin mataccen rediyo mai kaset a haɗa shi da batir ya yi ta juyi. Yaran unguwa maza suna ƙera motocin gwangwani suna ja da zare, 'yan mata suna 'yar gala-gala da carafke, ni kuma ina tsakiya, ba ni nan ba ni can. A makaranta an san ni, bayan kowane littafina jirgi ne, har malamin lissafi ya taɓa zane ni saboda na zana masa helikwafta a takardar jarrabawa. Inna ba ta ƙi Baba Ishaya ba, tana aika masa da fura, Mama Rifkatu tana aiko mana da abincin Kirsimeti. Abin da ta ƙi shi ne ganin 'yarta da baƙin hannu da yankan gwangwani a yatsu. Ta sha ce mini, "Mace da ƙusa a aljihu, wa ya taɓa gani?" Ni kuwa Allah ya yi ni da kunnen ƙashi.

A waɗannan shekarun tsoro ya zama kamar wani ɗan haya a gidan. Ba ma kiran sunan masu kawo harin, sai dai a rage murya a ce "mutanen nan". Bam ya tashi a tasha, ya tashi a kusa da kasuwa, har muka iya bambanta ƙararsa da ta fashewar taya. Duk inda aka tara buhunan yashi sai mai babur ya sauka ya tura da ƙafa. A makaranta shugaba ya hana zuwa da jaka, sai dai ka rungumo littattafanka. A ƙofar masallaci da coci da tasha aka sa samari masu riƙe da wata baƙar sanda mai faɗi, su shafa wa mutum a jiki, in ta ji ƙarfe ta yi kuka. Sannan aka fara wata magana da ta fi duk sauran muni, wai yanzu 'yan mata ƙanana ake ɗaura wa abin a ciki, a rufe da hijabi, a tura su cikin taro. Na ji matan gidanmu suna faɗa a bakin murhu, na ji tsoro kamar kowa. Amma wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ni ma yarinya ce ƙarama mai hijabi ba. A tunanina waɗancan wasu ne daban, daga wani wuri.

Bayan waccan Asabar ɗin, 'ya'yan Baba Ishaya suka matsa lamba sai ya koma Kaltungo. Ya yi gardama, ya ce shi da ya kwana a ƙarƙashin jirgin yaƙi ba zai gudu ba, amma Mama Rifkatu ta fara ɗaure kaya ba ta ko kalle shi ba. Ranar da na ga yana ɓanɓare hotunan bangon shago na shiga bayan garken awaki na sha kuka. A nan na yanke shawarar zan ƙera masa Mig, ni kaɗai, ba tare da ya sa mini hannu ba, ya tafi da shi. Na tara gwangwanayen madara da na tumatir, na samo inji daga wani rediyo da ya zubar, na ciro batir biyu daga tocilar Inna na bar ta tana zargin ƙanena. Kullum in na gama shara da wanke-wanke sai in ce zan ba awaki dusa, in zauna a bayan garke ina yanka ina lanƙwasawa. Na san Mig ba shi da farfela, amma ina so abin ya yi motsi ya yi ƙara, don haka na sa masa ƙarama a hanci. Batiran na ɗaure su a cikinsa da robar tayar keke, wayoyi biyu, ja da baƙa, suna leƙowa ta ƙasa. In ka haɗa jar da kan batir sai farfela ta ɗauka. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu.

Sun sa tafiya ranar wata Asabar da safe, ni kuma wutsiya ta ƙi zama. Ina can ina fama da ita na ji ana sallama a tsakar gida, ana yafe wa juna, Inna tana kirana in zo in yi ban kwana. Na yi shiru, don in na fito da abin a gabanta kashina ya bushe. Na ce bari in gama in same su a zaure. Ko da na gama na leƙo, keke ya riga ya kwashe su zuwa tasha. Tashar ba ta da nisa da gidanmu. Na zari hijabina, na yi abin da kowace yarinya a unguwarmu take yi da duk abin da ba ta so a gani, ko ƙosai ne ko ɗan kwalin aro: na cusa jirgin a ƙarƙashin hijabin, na rungume shi a ciki da hannu biyu, na wuce Inna sumui-sumui kamar mutuniyar kirki. Ina fita zaure na zuba da gudu.

Da gudun na isa ƙofar tashar. Ku duba mini wannan wauta: yarinya ita kaɗai, ba kaya, ba babba, tana haki, hannayenta duka biyu a ɓoye, ciki ya yi tudu. Akwai layi, ban bi ba, na kutsa ta gefe. Wani saurayi mai sandar bincike ya tare ni, ya miƙo ta daga nesa, tun kafin ta taɓa ni ta fasa kuka. Na ga idonsa ya sauka ƙasan hijabina, inda jar waya ta leƙo. Ya yar da sandar ya yi baya yana ihu, "Bam! Bam! Ga ta nan!" Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Layin nan ya tarwatse, tiren mai lemo ya kife, wata mata ta faɗi aka bi ta kanta, kowa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ni ma na juya zan gudu, don na ɗauka wata ce a bayana. Sai da na ga fili ya buɗe ta ko'ina, ni kaɗai a tsakiya, sannan na gane ni ake nufi.

Wani soja daga bayan buhunan yashi ya saita ni da bindiga yana daka mini tsawa in ɗaga hannu. Ta yaya zan ɗaga? In na saki jirgin zai faɗi, in na fito da shi za su ga ƙarfe da waya. Daga nesa aka fara jifa, wani dutse ya same ni a ƙafa, na ji wata murya tana cewa a kawo taya da fetur. Jikina ya ɗauki ɓari, kuma ɓarin nan ne ya sa jar wayar ta taɓa kan batir. Farfela ta ɗauka. A cikin shirun da wurin ya yi, ƙarar ta fito sarai daga cikina, hijabin yana karkarwa. Na ji sojan ya ja wani abu a bindigarsa ya yi ƙaras. Fitsari ya zubo mini har cikin takalmi. Na rufe ido ina son in yi kalmar shahada, amma abin da yake fita daga bakina kawai shi ne Inna, Inna.

"Kada ka harba! 'Yata ce!"

Na buɗe ido na ga Baba Ishaya ya fito daga cikin tasha, yana jan ƙafarsa, hannayensa a sama. Ashe yana zaune a mota ya hango ni ta taga. Mutane suna yi masa ihu ya koma, wani yana cewa tsohon nan ƙarya yake, ina shi ina 'ya mai hijabi. Bai saurare su ba, wataƙila ma ta mataccen kunnen suke yi. Ya yi wa sojan magana da Turanci irin nasu na bariki, bai tsaya jiran amsa ba ya ci gaba da tahowa har ya tsaya tsakanina da bakin bindigar. Ya durƙusa da ƙyar. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, amma muryarsa irin ta shago ce.

"Dije, kada ki motsa. Wace waya ce ta taɓa?"

Na ce, "Ja."

"Janye ta da ɗan yatsa. A hankali."

Na janye, ƙarar ta tsaya. Ya sa hannu ya zaro jirgin ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, amma ba wanda ya matso, jifa ma ba ta tsaya ba. Sojan ya ce a buɗe. Nan Baba Ishaya ya tsinke robar, ya zazzage batiran suka gangara a ƙasa, ya fizge wayoyin, ya karya fukafukan, ya sa yatsunsa ya ɓare cikin gwangwanin gida biyu ya nuna wa gabas ya nuna wa yamma, ba komai a ciki. Aikin mako uku bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Gwangwanin ya yanke shi, jini yana bin hannunsa har gwiwa. Sai a lokacin sojan ya sauke bindiga. Na kalle shi, ashe yaro ne, bai fi yayana ba. Ya zauna a kan buhun yashi ya dafe kai.

Baba ya bar motar ta tafi da Mama Rifkatu da kaya. Ya cire rigarsa ta sama ya ɗaura mini a ƙugu don kada a ga zanena a jiƙe, ya tare keke. Kafin mu isa labari ya riga mu, an ce an kama 'yar bam a tasha, mata sun cika zaure suna jajantawa ba su san 'yar gidan ce ba. Baba ya tsaya a gaban Inna ya faɗa mata komai, sannan ya ce, "Ni na koya mata. In duka ne, ni za ki daka." Na jira mari. Inna, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, ta kama hannayena biyu tana jujjuya su tana kallo. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da Baba Ishaya zai tafi ya kira ni bakin shagon da babu komai a ciki. An naɗe masa yatsu da tsumma. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Jiya ban samu na kalle shi ba, Dije. Wane iri kika ƙera?" Na ce Mig. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya juya fuska. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Bayan 'yan shekaru aka aiko mana ya rasu a Kaltungo. Ni kuma tun daga ranar tasha ban ƙara yanka gwangwani ba. Ba wanda ya hana ni, hannuna ne ya ƙi.

Yanzu Gombe ta lafa. Buhunan yashi sun fashe ciyawa ta tsiro a kansu, masu sandar bincike in ma akwai su shafawa suke yi suna hira. Jirgi in ya wuce yara fitowa suke yi suna ɗaga masa hannu, ba mai shiga ƙarƙashin gado. Shagon Baba ya zama wurin cajin waya, ba wanda ya san an taɓa tsaga sama da tafin hannu a wurin. Ina koyarwa a wata firamare a Hammadu Kafi, kuma har yau ban taɓa ganin wasan jirage da idona ba, sai wanda na gani a bencin nan. A zangon da ya wuce, ranar aikin hannu, wata ɗalibata ta kawo jirgin kwali mai batir, farfelarsa tana juyi, aji ya ɗauki tafi. Na yaba mata, na ba ta maki mafi yawa. Da aka tashi na hango ta a bakin ƙofa tana ƙoƙarin cusa shi a ƙarƙashin hijabi don kada maza su ƙwace. Ban san lokacin da na daka mata tsawar da ta sa duk filin makaranta ya waiwayo ba. Na je na fito mata da shi, na ɗora mata a tafin hannu, na ce ta riƙe shi a sama har gida, inda kowa zai gani. Ta kalle ni da hawaye ta ce, "Malama, me na yi?" Na ce ba ki yi komai ba.

Ba ta san dalili ba, kuma ina roƙon Allah kada ta taɓa sani.